Ɗinkin Ɓoye: Haɗa Hotuna da Amanar Ido

Duk sa'ad da Sallah ta ƙarato, ko aka yi biki ko suna, akwai wani irin hoto da kan zagaya zaurukan WhatsApp na iyalan da neman abinci da neman ilimi suka warwatsa a duniya. Za ka ga dattijo zaune a tsakiya cikin babbar riga, uwargida a damansa, 'ya'ya da jikoki sun kewaye su, kowa fuska a sake. Wanda ya san gidan kuwa ya san cewa dattijon yana Kumasi, babban ɗansa yana Jidda, 'yarsa tana Landan da mijinta, autan yana karatu a Alƙahira, kuma an yi shekaru ba su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Wani matashi mai basira ne daga cikin jikokin ya karɓi hoton kowa, ya zauna gaban kwamfuta, ya jera su, ya daidaita haske, ya shafe mahaɗa, har aka sami taron da bai taɓa faruwa ba. Wani lokaci ma akan ɗauko kakar da ta riga mu gidan gaskiya, a zaunar da ita kusa da jaririn da aka haifa bayan rasuwarta.

Mafi yawanmu idan muka ga irin wannan sai zuciya ta yi sanyi, mu sa wa yaron albarka. Amma akwai tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta: shin wannan hoto ƙarya ne? Idan ba ƙarya ba ne, me ya raba shi da ita? Idan kuma akwai inda yake zama ƙarya, ina ne iyakar? Tambayar ta fi matsa wa mazauna ƙetare, domin mu ne muka fi kowa dogara da hoto. Da shi iyaye suke ganin jikokinsu, da shi ake neman aure daga nesa, da shi ake nuna wa mai aiko da kuɗi inda ginin gidansa ya kai, da shi kuma na gida suke auna halin da na waje yake ciki. Duk abin da ya taɓa amincin hoto ya taɓa igiyar da ta ɗaure mu da gida.

Yadda ake ɗinkin

Kafin a yi magana kan sana'a, ya kamata a san yadda ake yin ta. Manhajojin gyaran hoto, irin su Photoshop da GIMP da ƙanana da ke cikin wayoyi, suna aiki ne da falle-falle. Ka ƙaddara kana da takardu masu shara-shara, waɗanda ake hango ta ƙasa ta cikin ta sama. Kowane hoto yana kan fallensa, an jibga su ɗaya bisa ɗaya. Mai haɗawa yakan sa wa fallen sama wani marufi. Inda ya shafa baƙi a jikin marufin, wannan sashe na hoton ya ɓuya, na ƙasa ya bayyana. Inda ya bar fari, hoton sama ya tsaya yadda yake. Inda ya shafa ruwan toka kuwa, sai hotunan biyu su ratsa juna, kuma da wannan ake samun narkewar nan da ke sa fuska ta ɓace sannu a hankali cikin gajimare ko cikin furanni. Bayan haka sai aikin daidaitawa: a tausasa gefen mutumin da aka yanko don kada ya yi kaifi kamar yankan almakashi, a gyara launi don wanda aka ɗauka a tsakar ranar Agadas ya dace da wanda aka ɗauka ƙarƙashin fitilar ɗaki a Ingila, a lura da inda haske yake fitowa, a zana inuwa a ƙarƙashin ƙafa don kada mutum ya zama kamar yana shawagi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai haɗin da yake shelar kansa, kamar kalandar biki da ake raba wa mahalarta, inda fuskar ango da ta amarya suke narke cikin furanni, ko fastar fim inda kan jarumi ya fi gidan da ke bayansa girma. Babu mai hankalin da zai kalli waɗannan ya zaci haka abin ya auku. Akwai kuma haɗin da duk gwanintarsa ita ce ɓoye ɗinki, har mai kallo ya rantse cewa na'urar ɗaukar hoto ta tsaya a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ta ɗauki abin da ke gabanta. Kayan aikin iri ɗaya ne, hannun ma yakan zama ɗaya, amma alkawarin da hotunan biyu suke yi wa ido ya sha bamban.

Malamai sun daɗe suna saɓani kan hukuncin hoton na'ura kansa, kuma wannan rubutu ba fatawa ba ne. Sai dai akwai abin lura a cikin hujjar waɗanda suka halatta shi. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya yi risala a kan mas'alar, inda ya kafa hujja da cewa hoton na'ura tsare inuwa ne kawai, tamkar abin da mutum ke gani a madubi, babu hannun mai zane da ya ƙaga siffar. Idan haka ne, darajar hoto a wurin mutane da sassaucin da ya samu a wurin malamai tushensu ɗaya: an ɗauke shi a matsayin mai isar da abin da ya gani, ba tare da ƙari ba. Wanda ya zauna yana yanka yana liƙawa ya dawo da hannu cikin aikin, saboda haka nauyin abin da hoton zai faɗa ya koma wuyansa.

Tsohuwar dabara ce

Kada a zaci kwamfuta ce ta kawo wannan al'amari. Tun a 1857 wani mai ɗaukar hoto ɗan asalin Suwidin da ke zaune a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa gilasan hoto kimanin talatin ya fitar da babban hoto guda mai nuna hanyoyin rayuwa biyu, ta kirki da ta shashanci. An baje shi a birnin Manchester, Sarauniya Victoria ma ta sayi kwafi. Rejlander bai ɓoye yadda ya yi ba, wa'azi ya nufa da hoton, kuma haka aka karɓe shi. Bayan 'yan shekaru kaɗan, a Amurka, wani mai suna William Mumler ya gano cewa ana iya sa siffa mai dusu-dusu ta bayyana a bayan wanda aka ɗauka. Zamanin yaƙin basasar da ya ƙare a 1865 ne, gidaje cike da masu makoki. Sai ya riƙa sayar wa mutane hotunan da yake cewa ruhin mamatansu ne ya zo ya tsaya a bayansu. An gurfanar da shi a kotu a New York a 1869 bisa zargin damfara, aka sallame shi don hujja ba ta isa ba, kuma daga baya har matar marigayi Shugaba Lincoln ta zauna gabansa, ta fito da hoton mijinta dafe da kafaɗunta. Dabarar mutanen biyu 'yar uwar juna ce. Ɗaya ya ce wa masu kallo ga misali, ɗayan ya ce musu ga shaida.

A Afirka ta Yamma ma muna da namu gadon. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da babur don mai son hoto ya ara ya fito da su. A Ghana, Philip Kwame Apagya ya shahara da labulayen da aka zana da fenti: falo mai talabijin da firiji cike da abinci, ko matattakalar jirgin sama, mutum ya tsaya gabanta riƙe da jaka kamar mai shirin tafiya. Duk wanda ya girma a zango ya san irin waɗannan hotuna a bangon ɗakunan iyayenmu. Ba su yaudari kowa ba, domin fentin a fili yake. Buri ne mutum ya tsaya a gabansa, kowa kuma ya fahimci buri ne. Abin da ya sauya tun da Photoshop ta fito kasuwa a 1990, aka kuma ƙara mata tsarin falle-falle a 1994, abu biyu ne: ɗinkin ya daina ganuwa, kuma aikin da a da yake cin makonni a hannun gwani ya zama na mintuna a hannun kowa.

Ina ƙaryar take?

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma duka biyun ba su gamsar ba. Ta farko ita ce a ce duk hoton da aka taɓa ƙarya ne. Idan haka ne, wanda ya ƙara wa hoto haske don fuskar mahaifiyarsa ta fito sosai ya yi ƙarya, haka ma wanda ya yanke kwandon shara daga gefe. Kai, mai ɗaukar hoton ma tun farko zaɓi ya yi: ya fuskanci nan ya bar can, ya jira murmushi ya ƙyale hamma. Amsa ta biyu ita ce a ce tun da kowane hoto zaɓi ne, to babu na gaskiya babu na ƙarya, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan kuwa kamar a ce ne tun da kowane mai ba da labari yana zaɓar kalmominsa, babu bambanci tsakanin mai gaskiya da mai shaci-faɗi.

Ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta nuna mana inda za mu duba. 'Yan'uwansa sun zo wa mahaifinsu da rigarsa shafe da jini. Rigar tasa ce da gaske. Jinin ma jini ne da gaske, malaman tafsiri sun ce na dabbar da suka yanka ne. Babu ɗaya daga cikin biyun da yake jabu, amma da aka haɗa su aka miƙa wa Annabi Yaƙub, sai suka faɗi abin da bai faru ba, kuma Alƙur'ani ya siffanta jinin da na ƙarya. Masu tafsiri sun ambaci cewa dattijon ya lura rigar ba ta yage ba, kamar dai yadda mai lura a yau yake gane inuwar da ta faɗi ta gefen da bai dace ba. A cikin surar dai, wata rigar da aka yaga ta baya ce ta wanke Yusuf daga zargi. Abin da ido ke gani yana iya zama shaidar gaskiya, yana kuma iya zama shaidar zur, gwargwadon abin da aka shirya shi ya faɗa.

Fiƙihun ciniki ma ya san wannan. An hana mai sayar da akuya ko raƙuma ya ƙi tatsar ta kwana da kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, kuma an ba wanda aka yi wa haka damar mayar da dabbar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Mai dabbar bai buɗe baki ya faɗi komai ba, nonon da ke hantsar kuma nata ne, amma ya tsara abin da ido zai gani don zuciya ta gaskata abin da ba haka yake ba. Wannan shi ne ma'auni. Ƙaryar hoto tana cikin abin da aka nufi mai kallo ya gaskata, ko abin da aka san zai gaskata aka yi shiru.

'Yan jarida sun kai ga wannan ma'auni ta hanyarsu. A ƙarshen watan Maris na 2003, jaridar Los Angeles Times ta buga hoton wani sojan Birtaniya yana yi wa fararen hula nuni a kusa da Basra ta Iraƙi, ga wani mutum ɗauke da yaro yana dubansa. Daga baya aka lura wasu mutanen da ke zaune a ƙasa sun fito sau biyu. Mai ɗaukar hoton, Brian Walski, ya haɗa hotuna biyu ne da ya ɗauka a jere, tsakaninsu 'yan daƙiƙoƙi. Sojan yana wurin, mutumin da yaron suna wurin, duk a rana ɗaya, amma wannan ƙiftawar ido da aka nuna wa duniya ba ta taɓa wanzuwa ba. Jaridar ta sallame shi daga aiki nan take. A gefe guda kuma, dubi tatsuniya. Gizo yana magana, Ƙoƙi tana daka, kura tana zuwa kasuwa, ba mai kiran kakar da ke ba da labarin maƙaryaciya, domin ta buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" ta rufe da "ƙurunƙus". Waɗannan kalmomi su ne shingen da ya raba ƙirƙira da ƙarya. Haɗaɗɗen hoto halattacciyar tatsuniya ce matuƙar yana ɗauke da nasa shingen.

Inda abin yake cizo

Mu sauko kan abin da ya shafe mu kai tsaye. Na farko shi ne hoton nuna wadata: matashin da ke wankin kwanuka a wani gidan abinci a Turai, yana kwana su shida a ɗaki ɗaya, ya liƙa kansa a jikin motar da ba tasa ba ko gaban gidan da bai taɓa shiga ba, ya aika gida. Wankin kwanuka sana'a ce ta halal, babu abin kunya a cikinta. Amma hoton yana da sakamako. Iyaye za su ƙara buƙatunsu daidai da abin da suka gani, su zarge shi da rowa idan ya gaza. Ƙaninsa zai raina makarantarsa ko sana'arsa, ya fara tunanin hanyar Agadas zuwa Libiya da abin da ke bayanta na hamada da teku. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mace ta tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko da laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sanya tufafi biyu na zur. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan wanda sanyin zai kama sau da yawa wani ne daban.

Na biyu shi ne neman aure. Shari'a ta kwaɗaitar da masu niyyar aure su ga juna don a ginu kan sani. Idan nisa ya sa hoto ya tsaya a madadin gani, sannan aka sauya launin fata, aka rage shekaru, aka ɗora mutum a ofis ko a gidan da ba nasa ba, an rushe hikimar ganin tun daga tushe, kuma ranar da za a haɗu a filin jirgi ce za a fara biyan bashin.

Na uku ya fi duka muni, wato a haɗa mutum da wanda bai taɓa tsayawa da shi ba, ba da saninsa ba. Hoton matar aure da aka liƙa kusa da wani namiji yana iya kashe aure kafin a gama bincike, kuma wannan ƙazafi ne ko da ba a furta kalma ɗaya ba. Hoton malami da aka zaunar kusa da ɗan siyasa yana sayar da mutuncin da malamin bai sa a kasuwa ba. Siffar mutum amana ce a hannun duk wanda ya mallaki hotonsa. Wanda ya aiko maka da hotonsa don ka ga lafiyarsa bai ba ka izinin ka kai shi inda bai je ba.

Sai batun mamaci, wanda ya fi sauran taushi, domin ƙauna ce take kawo shi. Babu mai zargin wanda kewar mahaifiyarsa ta sa ya so ganin ta riƙe da jikan da ba ta riska ba. Amma mamaci ba ya iya ba da izini, kuma tarihin Mumler ya nuna yadda zuciyar mai makoki take saurin karɓar abin da take so ya zama gaskiya. Idan za a sa ta, a bar tsohon hotonta da launinsa na da, a cikin da'irarsa daban, yadda kowa zai gane cewa tunawa ce ake yi. Abin da zai isa gare ta a kabari dai sananne ne: addu'a, da sadaka, da kyautata wa danginta da ƙawayenta da ta bari.

Hanzari biyu

Mai karatu zai iya cewa: hoton iyalin nan fa kowa a gidan ya san haɗawa aka yi, wa aka yaudara? Gaskiya ne, a ranar da aka yi shi ba a yaudari kowa ba. Sai dai hoto ya fi bayaninsa tsawon rai da saurin tafiya. Yau yana zauren iyali, gobe an tura shi wani zauren, jibi yana Facebook inda babu wanda ya san labarinsa. Bayan shekara talatin, waɗanda suka san yadda aka yi sun tsufa ko sun shuɗe, sai jika ya nuna wa 'ya'yansa ya ce ga ranar da kaka ta ɗauke ni. A lokacin ƙaryar ta kammala, alhali babu wanda ya yi niyyar yin ta. A watan Maris na 2024 ma an ga yadda hoton iyali yake fita daga hannun mai shi. Fadar masarautar Birtaniya ta fitar da hoton Gimbiya Kate da 'ya'yanta uku a lokacin da jama'a ke tambayar lafiyarta, sai manyan kamfanonin dillancin labarai, ciki har da AP da Reuters da AFP, suka janye shi saboda alamun gyara, washegari ta nemi afuwa. Gyaran uwa ne ga hoton 'ya'yanta, amma an miƙa shi inda ake jiran shaida, sai ya haifar da zargin da ya fi wanda aka so kashewa.

Hanzari na biyu shi ne niyya: ai alheri aka nufa. A nan malaman hadisi suna da darasin da ya dace da mu ƙwarai. Suna da wani babi da suke kira mudraj, wato maganar mai ruwaya da ta shige cikin lafazin hadisi ba tare da an raba su ba. Sanannen misalinsa shi ne umarnin da Abu Huraira ya yi wa mutane su kyautata alwala, sannan ya kawo gargaɗin Annabi game da dugadugan da ruwa bai taɓa ba, sai wasu masu ruwaya suka haɗe biyun kamar duka maganar Annabi ce. Maganar Abu Huraira gaskiya ce, nasiha ce mai kyau, ma'anarta ma ta tabbata ta wasu hanyoyi. Duk da haka malamai ba su ƙyale ba. Haɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum don rarrabe irin waɗannan wurare, ya nuna inda wannan magana ta ƙare da inda waccan ta fara. Al'ummar da ta yi irin wannan wahala don kada ɗinki ya ɓace tsakanin magana biyu na gaskiya bai kamata 'ya'yanta su yi sakaci da ɗinkin da ke tsakanin hoto biyu ba. Kyakkyawar niyya tana ɗauke wa mutum sunan maƙaryaci, amma ba ta hana kuskure ya zauna a zukatan mutane.

Akwai kuma hasarar da ta wuce ta gida ɗaya. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Duk haɗin ɓoye da aka bankaɗo yana rage wa wannan karin magana ƙarfi, har a kai ranar da wanda aka zalunta zai nuna hoton rauninsa na gaskiya a ce masa haɗawa ya yi. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke iya fitar da fuskar da ba a taɓa haifa ba, wannan rana ta matso. Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da wasu cikin rashin sani. Wannan nauyi ne a kan mai karɓa. Nauyin da ke kan mai aikawa shi ne kada ya ƙara wa ruwan laka.

A ɗora jiƙaƙƙen a sama

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai ce ya zubar ba, bai kuma hana shi sayarwa ba. Ya tambaye shi ne me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Maganin da ya bayar shi ne bayyanawa, kuma shi ne maganin mas'alarmu.

Saboda haka, ɗan'uwa mai wannan fasaha, yi aikinka, ka kyautata shi, domin baiwa ce kuma tana faranta zukatan da nisa ya gajiyar. Amma ka tambayi kanka abu uku kafin ka tura. Shin baƙon da ya ga hoton nan ba tare da bayani ba zai gaskata wani abin da bai faru ba? Shin kowane mai rai da ke cikinsa ya yarda a sa shi a inda ka sa shi? Shin akwai wanda zai yanke shawara kan kuɗinsa, ko aurensa, ko tafiyarsa, ko mutuncin wani, bisa abin da ya gani? Idan hoton na narkewa ne mai shelar kansa, ka huta. Idan kuwa mai kama da gaske ne, ka rubuta a jikinsa, ba a saƙon da ke rakiyarsa ba, domin saƙo yakan faɗi a hanya: an haɗa wannan hoto a shekara kaza, wane yana gari kaza, wance tana gari kaza.

Wannan ɗan rubutu ba ya rage wa hoton kyau. Shi ne ma yake mayar da shi tarihi, domin jikan da zai gan shi nan gaba zai san cewa danginsa sun taɓa warwatsuwa a ƙasashe huɗu kuma ba su saki juna ba, wanda ya fi labarin taron bogi daraja. Sannan ɗinkin da ake gani yana tuna mana cewa har yanzu ba mu haɗu ba. Kewa tana da aikin da take yi: ita ce take sa a ɗaga waya, a tara kuɗin tikiti, a nemi hutu a je a gaida tsofaffi tun suna da rai. Hoton da ya shafe alamar rabuwa gaba ɗaya yana iya kwantar da wannan kewa kafin ta yi aikinta, alhali zumunta a ƙafa take.

Allah Ya sa mu cikin masu gaskiya a harshe da hannu, Ya tsare mu daga shaidar zur ta kowace siffa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma sada mu da iyalanmu cikin alheri.